Ranar da Alhaji Ya Ce In Je In Sha Iska

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kore ni ina tsakiyar aikin tafinta ba. Ku sababbin tafintoci, ku ji.

Lokacin ina bin masu bincike daga jami'a, suna nazarin damuwa da baƙin ciki a tsakanin 'yan kasuwar Adjamé. Ban yi boko mai nisa ba, Hausa da Faransancin titi ne jarina. Shugabarmu masaniyar halayyar ɗan'adam ce, Madam muke ce mata. Dokarta: abin da mutum ya faɗa shi zan juya, ba ƙari ba ragi, kuma sunansa ba ya fita. Shi ya sa mutumin da zan ba ku labarinsa, zan ce masa Alhaji kawai.

Da damina muka same shi a Marché Gouro, wata kasuwa a nan Adjamé, dillalin albasa ne ɗan Nijar, sahunmu ɗaya a babban masallacin Treichville. A shekarar ɗansa na fari ya rasu a hatsarin mota. Kun san al'adarmu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yi kukansa a gaban mutane. Ranar jana'iza ma shi ke ba mu haƙuri.

Madam ta tambayi barcinsa. "Alhamdulillahi." Cin abinci fa? "Alhamdulillahi." Sai ta ce in tambaye shi yaushe rabonsa da yin zancen yaron da wani.

Na juya masa. Ya kalli buhunan albasa, sannan ya ce, "Malam Garba, je ka sha iska."

"Alhaji, Faransancinka na ciniki ne. Ba zai kai ku ko'ina ba."

"Zai kai. Ita ba za mu haɗu a masallaci ba."

Madam ta gyaɗa mini kai, na fita. Ana yayyafi, sai na raɓe a bayan rumfarsa, kwano ne kawai tsakaninmu. Da wannan gurgun Faransancin na ji ya kira sunan yaron. Ya sake kira. Tun da na san shi ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Daga nan maganar ta karye, sai kuka.

Madam ta kwatanta masa inda zai ga likita. Bai je ba. Ran Juma'a na ce, "Alhaji, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya." Haka muka ci gaba har ya koma Nijar.

Abin da aikin nan ya koya mini: mutanenmu suna da ciwo, idon sani ne ba sa so. Wani ba tafinta yake nema ba, baƙo yake nema. In an ce ku fita, ku fita, ku yi nisa fiye da yadda na yi.