Baƙon da Ya Ci Tantabarun Kaka

A wata Juma'a, cikin makon da aka fara yankan riɗi, shekarar da na shiga aji huɗu, ina zaune da kakana a ƙarƙashin rumfar ƙofar gidanmu a Hawata, can gabas a kan tsohuwar hanyar hajji, muna dara, sai inuwar mutum ta faɗo a kan ramukan. Dogo ne, ramamme, da buhu a kafaɗa, ƙafafunsa sun yi futu-futu da baƙar ƙasar nan tamu. Ya yi sallama da wata Hausa mai nauyi wadda babu Larabci ko kaɗan a cikinta, ya tambaya ko nan ne gidan Malam Isa, mutumin ƙasar Haɗeja, wato kakana. Kaka bai ɗago ba sai da ya gama matsar da tsinkensa. Sannan ya dubi mutumin tun daga takalmi har hula, ya ce, "Wa ya aiko ka?" Baƙon ya durƙusa, ya ce sunansa Haruna, shi ɗan Ɗanladi ne. Na ga yatsun Kaka sun tsaya cak a kan ƙasa. Ban taɓa ganin wani abu ya tsayar da hannunsa a tsakiyar wasa ba.

Babu yaron gidanmu da bai san sunan Ɗanladi ba. Yayan Kaka ne. Lokacin da mahaifinsu ya kwaso iyalinsa a ƙafa da niyyar aikin hajji, Ɗanladi yana kwance da kurkunu, aka bar shi a hannun gwaggonsu da alkawarin za a dawo. Ba a dawo ba. Guzuri ya ƙare a bakin kogin Rahad, tsohon ya sari daji ya yi gona, ya rasu a nan, Kaka ya girma ya gaji gonar. Sau ɗaya, tun kafin a haifi babana, wani alhaji mai komawa gida ya ɗauki saƙon baki zuwa can. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

Kaka mutum ne da ba ya yarda da kowa a karon farko, sau da yawa ma har a na biyu. In mai ruwa ya zo da amalanken jakinsa, sai ya ɗanɗana kafin a juye a randa. In Inna, mahaifiyata, ta dawo daga niƙa, sai ya murza garin ya shinshina, wai masu injin suna musanya dawa mai kyau da tsohuwa. Rediyonsa ma gardama yake da shi, in an gama labarai ya kan kashe ya ce, "Haka suka ce." Bayan ya bar wa 'ya'yansa noma, rayuwarsa ta koma kan abubuwa kaɗan. Da hantsi yana murza igiya yana saƙa wa maƙwabta gadajensu na angarib, ƙafa ɗaya a miƙe, bakin igiyar a ɗaure a babban yatsa. Bayan azahar Inna ta soya masa bunn, wato 'ya'yan gahawa, ta daka da citta, ta kawo a butar jabana, ya sha a ƙananan kofunan finjali a hankali. Bayan la'asar kuma dara. Abokan wasansa duk sun riga shi tafiya, shi ya sa ya koya mini, duk da Inna tana cewa wannan ba wasan 'ya mace ba ne. Sai kuma tantabarunsa, waɗanda ya gina wa gida da laka da tsofaffin tulu a bayan ɗakinsa na ciyawa. Ni ke zuba musu tsaba da ruwa kafin in tafi madarasa. Ya san kowace da kamanninta, kuma ba a taɓa yanka ko ɗaya a gidan ba, domin zuriyarmu tun can ƙasar asali ba ta cin naman tantabara. Ba haramun ba ne, Kaka da kansa yana faɗa. Abin gida ne kawai da aka tarar.

Saboda haka kowa ya zuba ido ya ga yadda zai kori wannan baƙo. Sai ga shi ya sa an share ɗakin da ake ajiye buhuna, an shimfiɗa tabarma. Babana a lokacin yana can Fashaga yana tuƙa tarakta a wani babban mashru, irin gonakin nan da ake nomawa da inji, sai ƙanensa, Baffa Usman, ke riƙe da gida da gona. Baffa ya shigo cikin gida ransa a ɓace, ya tsaya kusa da Inna tana yin kisra, wainar dawarmu mai faɗi marar kauri, ya rage murya, amma ina jin sa. Ya ce kaka ce, gari cike yake da 'yan ƙwadago daga ko'ina, kowa na iya tsintar sunan Ɗanladi a kasuwa. Kuma in har aka yarda ɗan Ɗanladi ne, to yana da gado a gonar, tunda kakansu ne ya sare ta. "Rabin gona fa, Yaya," in ji shi. Inna ta ci gaba da shafa ƙullu a kan kasko.

Kwana biyu bayan haka Kaka ya kira ni da safe, ya nuna mini wasu 'yan shila biyu masu ƙiba, ya ce in kai wa Baffa ya yanka, a yi wa baƙo farfesu. Na tsaya ina kallonsa. Ni na ga fitowarsu daga ƙwai. Na kai su ina kuka, na ƙi taya Inna figa. Da azahar aka kai kwanon rumfa, Kaka ya ce shi cikinsa ba daɗi, baƙo ya ci. Inna tana bayan zana, Baffa ya jingina da turken rumfa yana sakace haƙori alhali bai ci komai ba. Malam Haruna ya yi bismilla, ya cinye tas, ya tsotse ƙasusuwan, ya yi godiya mai yawa. Sai a lokacin na gane abin da aka yi da tsuntsayena.

Da yamma Baffa ya sami Kaka, ya ce to magana ta ƙare, gobe sai mutumin ya kama hanya. Kaka ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce Ɗanladi a hannun gwaggo ya tashi, a gidan wasu, wa ya sani ko an riƙe masa al'adar. "Tukuna dai," ya ce. Wannan kalma ita muka yi ta ji har ƙarshen kaka.

Daga nan zargi ya shiga gidanmu ya zauna. Baffa ya sayo kwaɗo ya sa wa rumbu, abin da ba a taɓa yi ba. Ya fara cewa an yi wa tsoho asiri, har ya sa Inna ta daina bari baƙon ya taɓa butar Kaka. Inna kuma, na lura, ta fara kallon Baffa da wani ido. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarmu cewa wannan zafin nasa ba don babana ba ne, shi ma yana da nasa lissafin a kan gonar. Maƙwabta suka rabu biyu. Wasu suka ce goshin baƙon sak na Kaka, wasu suka ce duk ramammen mutum haka goshinsa yake. Ni tawa damuwar daban ce. Malam Haruna ya iya dara, ya iya ta sosai, kuma tun ranar da ya zauna gaban ramukan na koma mai kallo. Ina zama gefe da tiren gyaɗar da Inna ke soyawa ta sayarwa, ina ɓarewa, ina harararsa. Na sa masa ido fiye da Baffa. In ya shiga ɗaki na leƙa ta tsagar zana, in ya fita na duba ko tantabaru sun cika. Ban taɓa kama shi da komai ba, kuma hakan ya fi ba ni haushi.

Shi kuwa bai nemi komai ba. Da asuba yake bin Baffa gona, ya yanki riɗi ya ɗaure ya jingina, ya fi 'yan ƙwadagon da ake biya sauri, duk da tarin da yake fama da shi. Ya gyara katangar da damina ta zubar. Yana kiran Kaka "Baba". Kaka kuwa bai taɓa ce masa "ɗana" ba, kullum "Malam Haruna". A kan dara yake yi masa tambayoyi, ɗaya yau, ɗaya jibi, kamar ba da gangan ba. Rijiyar bakin kasuwa tana nan? Ta wane gefen masallaci tsamiyar take? Wani lokaci ya kan karkatar da tambayar da gangan, ya sa tsamiyar a gabas, sai baƙon ya ce a'a Baba, ai yamma take, kuma an sare ta shekarun baya. Sai Kaka ya gyaɗa kai. Garin dai ya san shi, wannan babu shakka. Amma duk lokacin da aka zo kan Ɗanladi kansa, amsar ba ta canjawa: yana nan lafiya, tsufa ne kawai, yana gaisuwa. Kuma idonsa a kan ƙasa yake faɗa.

Ranar da aka gama kakkaɓe riɗi aka kawo buhuna gida, Baffa ya ce gobe zai tara dattawan unguwa a yi ta ta ƙare. Kaka bai hana shi ba. Bayan la'asar suka zauna dara kamar kullum, ina gefe da tirena. Wasa ya yi nisa, Kaka ya jera uku ya cire dutsen Malam Haruna, ya riƙe shi a tafin hannu. Bai ɗago kai ba ya ce, "Yaushe ya rasu?"

Malam Haruna ya janye hannunsa daga ramukan. Sannan ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce yau damina uku ke nan. Ya ce shi ba ɗansa ba ne. Maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su, yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ɗanladi bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata biyu da ke aure a wasu garuruwa. Har ya tsufa yana cewa yana da ƙane a gabas, a wani gari Hawata, wani alhaji ya gaya masa. Shi Haruna kuma ya fito ne da niyyar hajji ta ƙasa, zazzaɓi ya kayar da shi a sansanin 'yan ƙwadago, ya tashi ba shi da kowa. Ya yi tunanin in ya zo a matsayin maƙwabci za a ba shi tuwon dare ɗaya a sallame shi, in kuma ya zo da labarin mutuwa a bakinsa ba za a so ganinsa ba. "Na yi ƙarya, Baba," ya ce. "Amma gona ban taɓa sa ta a raina ba."

Kaka ya mayar da dutsen ƙasa. Ya tambaye shi ko Ɗanladi ya warke daga ƙafar. Ya ce ya warke, amma da ɗan ɗingishi ya rayu. Ya tambaya ko ya riƙe su a zuci da ba su dawo ba. Malam Haruna ya ce bai taɓa jin ya faɗi haka ba. Abin da ya kan ce shi ne hanya ce ta yi nisa. Kaka ya juya fuskarsa wajen katanga. Ni dai na sunkuyar da kai ina ɓare gyaɗar da na riga na ɓare. Can ya ce mini in je in gaya wa Baffa ba sai ya kira kowa ba.

Baffa ya so a kore shi a ranar. Kaka ya ce mutumin da ya sa yayansa a kabari ba zai fita gidansa da kora ba, ya zauna har a yanke dawa. Amma Malam Haruna bai iya zama ba. Bayan 'yan kwanaki ya yi sallama da kowa, har da ni, ya hau lorin masu zuwa Gadarif. Inna ta ƙulla masa gyaɗa da busasshiyar kisra. Ba mu sake jin labarinsa ba.

Kaka ya yi sadaka, aka dafa abinci aka kai masallaci, mutane suka zo ta'aziyyar mutumin da ba wanda ya taɓa gani sai shi. Duk da haka, in ana maganar, sai ya ƙara da cewa, "In gaskiya ya faɗa." Wanda ya yi ƙarya sau ɗaya, in ji shi, ba a ɗaukar maganarsa ta biyu da hannu biyu. Har ya bar duniya, in zai yi wa yayansa addu'a ya kan ce Allah ya ji ƙansa in ya tafi, ya ba shi lafiya in yana nan. Bayan sadakar kuma ya sa aka kai shi gona a kan jaki, ya auna wani yanki daga gefen kogi ya kafa duwatsu, ya ce wannan na 'ya'yan Ɗanladi ne, mata ko maza, duk ranar da suka zo. Abin da aka noma a wurin a bayar sadaka da sunansu. Baffa ya yi fushi na tsawon rani guda, amma ya bi, kuma 'ya'yansa suna bi har yau.

Yanzu a cikin garin Gadarif nake aure, a gidan bulo mai ƙofar ƙarfe. A 'yan shekarun nan garin ya cika da mutanen da yaƙi ya koro daga garuruwansu, kuma ba a rasa mai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ya san wani ɗan'uwan maigidana, ko sun yi unguwa ɗaya da wata ƙanwata. Nakan tsaya daga ciki in yi tambayoyina ta 'yar tagar ƙofar, in ɗauki waya in bincika, cikin ɗan lokaci in san gaskiya ko ƙarya. Sau da yawa kafin in gama mutumin ya gaji da tsayuwa a rana ya wuce. Kaka ya fi ni zargi nesa ba kusa ba, kuma ba shi da hanyar tabbatar da komai sai haƙuri da ido. Amma shi sai ya zaunar da mutum a inuwa, ya ciyar da shi, sannan ya fara shakkarsa. Ni shakkar na gada, inuwar ce ban gada ba.