Yau Yaya Ya Durƙusa Mini a Kwari

Ɗazu a tsakiyar shagonsa na Kantin Kwari, Yaya Bukar ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ni ƙanwarsa.

Bara sankarar jini ta dawo masa. Likita ya ce ƙwayoyin da ke haifar da cutar ne suka laɓe a ɓargo, suka sauya kama har maganin farko ya daina gane su. Shi ne aka dasa masa ɓargona.

Yau sakamako ya fito. Ba a ga cutar ba, kuma jininsa kaf daga ɓargona yake.

Na ce, "Yaya, na girmi jininka fa."

Shi ne ya zube. "Ina wuni, Yaya Falmata?"

Ina ta dariya, hawaye na ɗiga kan atamfar mutane. Alhamdulillahi.

Jama'a ku raba mu, yanzu wa zai riƙa aiken wani?