Sunan da Iya Ta Kira a Kogon Batu

Shekarar da aka haifi autarmu, Baba ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya, daga Gwarzo zuwa Kuala Lumpur don ta ga jaririya. Lokacin yana karatun digiri na uku, muna zaune a unguwar Danau Kota, a wani bene da Iya ta ce ko tsuntsu sai ya huta a hanya kafin ya iso tagarmu. Ba ta son lif ɗin hawa benen, ba ta son abincin mamak, wato na shagunan Indiyawa Musulmi, ta kuma rantse ba za ta yi tatsuniya a ƙarƙashin lantarki ba. Don haka da an idar da magariba sai ta fitar da kaskon turaren Umma baranda, ta hura gawayi, mu zagaye shi kamar masu jin sanyi alhali gumi muke yi. Baba ya yi ta mitar masu kula da ginin za su kama mu, ta ce su zo, akwai tabarma.

Ni Maigida take kirana, tana tsokanata wai miji ne ni na banza, ko goro ban taɓa saya mata ba. Amma akwai wanda ba ta kiransa da komai. Baba yana da wa, ɗan farin Iya, wanda ya ɓata ranar wata kasuwa tun yana ƙarami, ba a gan shi ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Mace irin Iya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce, ko yana gabanta sai dai "kai" ko "yaron nan". Da na dame ta da tambaya, ta ce sunan annabin da kifi ya haɗiye ne, in rabu da ita.

Akwai tatsuniya guda da take yi idan hadari ya haɗu. Wani yaro ne akuyarsa ta shige kogo, ya bi ta, bakin kogon ya rufe. Kogon ya yi magana, ya ce zai saki yaron idan uwarsa ta kira shi da sunansa. Uwar ta taho a guje, gari ya biyo ta, har da surukanta. Ta ce, "Kai, fito." Kogon ya ce masu wannan sunan suna da yawa a cikinsa. Ta ce yaron nan ya fito, kogon ya ce duk yara ne. Sai ta ce a ranta bari mutane su watse tukuna. Mutane kuwa sun samu abin kallo, ba wanda ya gusa har duhu ya yi. Da asuba ta dawo ita kaɗai, ta tarar da dutse sumul, ko tsaga babu.

Ƙanwata Hauwa, wadda Hausa ba ta zauna mata a baki ba, takan tambaya da Turanci, daga nan sai me?

"Sai me kuwa? Sai ta tsufa," in ji Iya, ta zuba wa gawayin ruwa. Tsoron wannan tatsuniyar nake ji ƙwarai, don ba dodo a cikinta balle a kashe shi a huta.

Ana saura kwanaki ta koma, Baba ya ce zai kai mu Kogon Batu, wani kogo a saman dutse a bayan gari inda mabiya addinin Hindu suke ibada. Mun ɗauka Iya za ta zauna a ƙasa, wajen tantabaru da masu sayar da ruwan kwakwa. Da ta ji kogo ne, sai ta ɗaura gyale a ƙugu. Ta kau da kai daga wani ƙaton gunki mai ruwan zinariya da ke gindin dutsen, ta kama matakala tana hawa tana hutawa, tana zagin birai da suka ƙwace mata ledar dabino.

A lokacin akwai wani ɓangare mai duhu da ake shiga da ɗan jagora, kowa da hular kwano da tocila. Ciki sanyi, ga warin kashin jemage, ruwa yana ɗiga ta inda ba ka gani. Da muka yi nisa, jagoran ya ce kowa ya kashe tocilarsa a yi shiru, mu ga yadda duhu na gaske yake. Na ɗaga hannuna har ya taɓa hancina, ban gan shi ba.

Cikin wannan duhun na ji muryar Iya, ba da ƙarfi ba, amma sarai.

"Yunusa."

Dutsen ya maimaita sunan, ya yi nisa da shi. Can sai na ji wata murya ta namiji, ƙasa-ƙasa, daga gefena ta ce, "Na'am, Inna." Na san muryar Baba ce, don hannuna yana cikin nasa.

Aka kunna fitilu, ba wanda ya kalli wani. Sai a cikin jirgin ƙasa, muna komawa, ta sunkuyo kunnena.

"Maigida, ka ji an amsa?"

Na ce na ji.

"Ashe ya girma," ta ce, ta juya tana kallon taga.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana hana mu bin akuya cikin rami ne. Sai da na haifi nawa ɗan farin na gane ba don mu take yin ta ba, mu dai mun zama dalilin hura wuta. Ta tsallako teku kafin ta samu wurin da babu idon kowa a kanta. Yanzu idan ɗana ya yi gaba a cunkoson kasuwannin Bukit Bintang, sunansa nake ƙwalawa gatsau, Umma tana cewa ba ni da ta ido, ni kuwa ban damu ba. Iya ta rasu ban tambaye ta ko ta gane muryar wa ta ji ba, Baba ma bai taɓa tayar da zancen ba. Wani lokaci ina addu'ar Allah Ya sa ba ta gane ba.