Ɗan Lele, Keken da Bai Taɓa Taka Kwalta Ba

A da, in mutum zai tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya fatauci. Yau kuwa ka faɗa ƙaramar bas, kafin goron bakinka ya salance ka iso. Babura sun cika gari, kowa sauri yake yi. Amma ku da kuka san marigayi Malam Sabo kun san akwai mutum ɗaya da wannan sauyi bai shafa ba. Kekensa, wanda ya raɗa wa suna Ɗan Lele, bai taɓa taka kwalta ba. In turbarsa ta ci karo da titi, sai ya sauka, ya naɗe ƙafar wando, ya saɓa keken a kafaɗa, ya tsallaka da shi kamar mai ƙetare rafi.

Wata rana wani direba ya tsaya musamman don ya tsokane shi. "Malam, yau keken ne ya hau ka?"

Ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Kwalta ga keke kamar katifa ce ga manomi. Ya ɗanɗana sau ɗaya, ya tashi daga aiki."

Ni taubashinsa ne. Shi ɗan kawuna, ni ɗan gwaggonsa, akushi ɗaya muka ci muka girma. Ni na bi duniya. Na zauna a Ikko, na yi Kumasi, na ratsa Fallomi ta ƙasar Cadi da Kartum a hanyar Makka, shi ya sa yake kirana Sha-Yawo. Shi kuwa iyakarsa Basirka. Kuma bari in faɗa muku a fili, kishi nake yi da keken nan, ban kuma ga laifina ba. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: in hau Ɗan Lele ko sau ɗaya kafin in mutu.

Hanyoyinsa ba na kowa ba ne. Tsofaffin turbobi yake bi, waɗanda kakanmu ya bi da jakunansa yana kai kanwa kudu tun kafin zuwan Turawa. Daga burtalin shanu ya faɗa hanyar tsakuwa, ya ratsa tsakanin duwatsu, ya hau tudu ya sauka gangare, ba mota ba hayaƙi, sai dai ya gamu da makiyayi su gaisa. Na ga masu keke a garuruwa da yawa. Na Ikko tsoron bas ne ya hana su ɗaga kai, na Kartum yashi ne ke cin ƙafarsu. Ban taɓa ganin wanda ke hawa keke don daɗin hanyar kawai ba sai Sabo.

Shekarar da na dawo daga Ikko, jama'a suka taru a ƙofar gidanmu ina ba su labarin teku. Na kwatanta musu jirgin ruwa wanda ya fi unguwarmu girma, kowa ya zuba mini ido. Sai ga Sabo ya jingine keke a bango, ya ce, "Sha-Yawo, akwai gangare a tekun?"

Na ce, "Wane irin gangare kuma a kan ruwa?"

"To me ya kai ka?"

Shi ke nan fa! Ya gyara zama ya fara ba su labarin wani gangare da ke bayan Maruta, yadda in ka saki feda tsakuwa ke ƙara a ƙarƙashin taya kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi, ƙas-ƙas-ƙas, iska ta cika maka riga, zabbin daji su tashi fir a gabanka. Wallahi duk suka juya mini baya. Na kawo musu teku tun daga Ikko, ya ƙwace mini su da tsakuwa.

Kun san al'ada, ranar cika-ciki ɗan mace kan je wa ɗan namiji karɓar shara, wato kyautar taubashi. To ni duk shekarar da nake gida, da sassafe nake masa sallama. "Ubangida, bawanka ya zo. Bana ba na son komai, sai hawa ɗaya, daga nan zuwa kukar can."

Sai ya dube ni kamar alƙali mai nazarin hukunci, sannan ya ce, "Ka cancanta. Zo ka kaɗa ƙararrawa."

"Ƙararrawa?"

"Sau ɗaya. Kada ka gajiyar da ita."

Na roƙe shi da Hausa, na roƙe shi da Fillanci, wata shekara har da Larabci na haɗa ko zai ji nauyi. Ya ce, "Kai ne ka iya harsuna, Ɗan Lele a'a kaɗai yake ji."

Da abin ya ishe ni sai na je Kano na sayo nawa, sabo ful, da madubi biyu da fitila. Na ce to, ranar kasuwar Gwaram tare za mu, ta hanyarka. Ya dubi keken nawa sama da ƙasa ya ce, "Madubin na mene ne? Ba abin da zai biyo ka sai akuya." Muka kama hanya. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa na wuce shi ina fito. Da muka zo wata 'yar gangara mai tsakuwa, sai na matse birkin gaba da ƙarfi kamar yadda na saba a titin Ikko. Jama'a, ban san lokacin da na rabu da sirdi ba. Keke ya yi gabas, hula ta yi yamma, ƙafa ta yi targaɗe.

Da gudu ya zo, gaskiya, amma sai da ya fara jingine Ɗan Lele a inuwa. Na ce, "Sabo, ka ga halin da nake ciki. Ɗora ni a kariyar kekenka ka kai ni gari."

Ya dube ni, ya dubi kariyar, ya sake dubana. "Ka yi ƙiba a Kumasi. Amma kawo takalmanka da hula in rage maka nauyi."

Wani Bafulatani ne ya ji tausayina ya ɗora ni a kan takarkarinsa, ya ɗaure mataccen kekena a gefe. Haka na shiga Gwaram ranar kasuwa a gadon bayan bijimi, Sabo a gaba yana kaɗa ƙararrawa a ba mu hanya, takalmana na zaune a kariya kamar baƙin girma. Bai hau ba dai, turawa ya yi har gidan mai ɗori, wai kada in ji haushi. Wannan ya fi ba ni haushi.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, ya aika a kira ni. Na tarar da keken a ɗaki an lulluɓe shi da bargo, ni ko tabarma ba a shimfiɗa mini ba. Murya ta yi ƙasa, amma idon nan na tsokana yana nan.

Ya ce, "Sha-Yawo, zo ka karɓi shararka ta duk shekarun nan. Na ba ka Ɗan Lele."

Na miƙa hannu zan yaye bargon, ya ɗaga mini yatsa.

"Amma ka yi mini alkawari, ba zai taka kwalta ba."

Na ce, "Haba Sabo! Kai ma ka san titi ta ƙofar gidana ya bi!"

Ya yi murmushi ya ce, "Na sani. Shi ya sa na zaɓe ka."

To kun ji dalilin da kuke ganina da furfurata ina tsallaka titi da keke a kafaɗa, 'yan acaɓa na ihu, "Alhaji, keken ne ya hau ka?" Ku yi dariyarku, alkawari na ɗauka.

Bayan sadakar arba'in na shirya na bi turbarsa a hankali, ina hutawa a gindin itatuwa, na yada zango wurin dangi a Gwaram, washegari na isa gangaren nan na bayan Maruta. Na yi bisimilla, na saki feda, ban taɓa birkin gaba ba. Sai na ji ƙarar tsakuwar, ƙas-ƙas-ƙas, daidai yadda ya faɗa, iska ta cika mini riga. Da na kai ƙasa na tsaya, kishin ya dawo mini ɗanye. Ashe wannan yake sha duk rayuwarsa ina can ina kallon teku! Na juya in gaya masa baƙar magana, babu kowa sai duwatsu.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yafe masa, ya sa hanyarsa ta can ta zama gangare mai sanyi har Aljanna, ya haɗa mu da shi cikin rahama.

Cika-ciki ta bana ta zo ta wuce, ban yi wa kowa sallama da sassafe ba. Keke yana hannuna yanzu, amma ba ni da sauran wanda zan roƙa.