Layar Adda a Akwatin Iska

Wajen ƙarshen shekarun casa'in na sayo wata mota 'yar Beljiyam daga Kwatano, na tuƙo ta har gidana a unguwar Turaki cikin Jalingo. Ba ta da kabireta, abin da ya fara ɓata wa makanikina rai ke nan. Ɗan ƙabilar Mumuye ne, Kirista, tare muka yi firamare, garejinsa yana ƙarƙashin wani mangwaro a unguwar Sarkin Dawaki. Duk motar da na taɓa mallaka a Jalingo hannunsa ne a kanta. Na ga makanikai a Jidda masu farar riga, na ga na Garwa ta Kamaru masu zagin inji da Faransanci, amma ban ga mai sauraron mota kamarsa ba. Yakan ɗora sukundireba a kan inji, ya kara kunne, ya lumshe ido.

Ba a jima ba motar ta fara shaƙewa. In na taka totur sai ta yi nauyi, baƙin hayaƙi ya biyo salansa, wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Ya canza fulogi, ya wanke tanki, ba ta sake zani ba. A ƙarshe ya yanko baƙin salatif zai liƙe fitilar, yadda ake yi a gari.

"Alhaji, motar nan shi ba ya magana da ni," in ji shi, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji.

Abokaina a ofis suka ce in kai ta Yola. Na san abin da hakan zai jawo. Ma'aikata sun fara sayen irin waɗannan motoci, kuma ranar da aka ji cewa ni, abokinsa, na ɗauke tawa, babu mai sake kai masa sabuwa. Shi ma ya sani. Ya daina tsokanata da cewa Bafulatani saniya ya iya kora, ba mota ba.

Sai na tuna abin da wani makaniki ya nuna mini a Kwatano a jikin wata mota irin tawa. Na koma gareji na ce a ba ni guntuwar waya. Muka buɗe wani ɗan murfi kusa da batir, na haɗa ramuka biyu da wayar, na murɗa makulli ban tayar da inji ba. Fitilar ta fara ƙiftawa: uku, ta dakata, sannan ɗaya. Ta sake maimaitawa.

"Injiniya, ga maganarta. Da ido take yi."

"Me ya ce?"

"Na Kwatano ya ce wannan lambar ta awon iska ce. Iya abin da na sani ke nan, sauran naka ne."

Ya dubi baƙin akwatin da filtar iska take ciki. Na lura tun da aka fara wahalar nan bai taɓa buɗe shi a gabana ba. Ya sosa ƙeya, ya ɓalle maɗaurai, ya cire tiyo. A bakin na'urar da ke auna iskar da injin ke shaƙa, wani abu ya maƙale ya tare ƙofar. Ya zaro shi da yatsu biyu. Laya ce, ɗinkin jar fata, ta yi baƙi.

"Adda ne," in ji shi, bai dube ni ba. "Ya ce kar in gaya maka."

Adda yayata ce, ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu, tana zaune a garin Lau. Da ta ji na yi sabuwar mota, ta shigo Jalingo ta wuce gidana ba ta tsaya ba, ta kai masa layar tsari ta ce ya ɓoye inda ruwa ba ya kaiwa, inda kuma idona ba zai kai ba, don ta san zan yi mata wa'azi. A tsofaffin motoci yana ajiye wa mutane irin wannan a cikin faifan filta, ba ta motsi. A nan ya ɗora ta saman filtar, injin ya zuƙe ta. Bai taɓa kawo wa ransa cewa ita ce ba.

"Kai da kake zuwa coci?" na ce.

"Adda ya aike ni. Kai za ka iya ce masa a'a?"

Gaskiya ba zan iya ba. Ya goge na'urar, ya mayar da tiyo, ya cire kan batir ya mayar. Da muka tayar, fitilar ta mutu, injin ya koma numfashi sumul. Ya ɗora sukundirebansa ya saurara, don dai kar a ce bai yi ba.

Layar ya ɗaure ta a ƙarƙashin kujerata da robar tayar keke, ban hana ba. Ban je Yola ba. Wayar kuwa ya rataye ta a ƙusa jikin mangwaron, ya riƙa tare direbobin da ke zuwa Kwatano yana tambayar ma'anar sauran lambobin. Da na je Lau gaisuwar Sallah, Adda ta leƙa motar ta shafa kujera, ta tambaye ni da Fulatanci ko tana ba ni wahala. Na ce mata lafiya lau take.