Ruwan Ɗumin Doña Chencha

A ƙauyenmu babu wadda ta kai Doña Chencha iya miyar talo-talo, babu kuma wadda ta kai ta taurin kai. Ni na riƙe ɗanta Hilario ranar da aka yi masa baftisma, don haka komadre muke kiran juna, kuma ina da bakin faɗa.

Tun tana amarya take yi wa dutse mai aman wuta da ke saman ƙauyenmu girki. Duk shekara in shuka ta matso, maza sukan ɗauki tukunyarta su hau har bakin kogo, su ajiye wa Tsoho, yadda muke kiran dutsen, tare da gurasar masara da kwalbar giya, a roƙe shi ruwan sama. Mijinta ya rasu, haƙoranta sun zube, amma girkin bai taɓa fashi ba.

Bana, bayan an kai abincin, idon ruwan da ke bayan gidanta ya fara ɗumi, ruwan da a da yake ƙage yatsu don sanyi. Chencha mai ciwon gwiwa ta tsoma ƙafa, ta ce Tsoho ne ya ba ta tukuici. Mata suka riƙa zuwa wanki suna yi mata barka. Ni dai raina bai kwanta ba, don ruwan yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ciyawar bakinsa ta bushe.

Sai ga wata ma'aikaciya daga masu sa ido kan dutsen. Ta auna ruwan, fuskarta ta canza. A harabar coci ta yi mana bayani: ƙasan teku ne yake kutsawa ƙarƙashin ƙasarmu sannu a hankali, can cikin zafi dutse yana narkewa, narkakken kuma yana neman mafita. Ɗumin ruwan nan, in ji ta, alama ce ya hawo kusa.

Chencha ta kalle ta sama da ƙasa. “'Yar nan, kin taɓa ba shi ko loma ɗaya? To ina kika san halinsa?”

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Cikin makon nan kofuna suka fara kaɗawa a kan kanta ba wanda ya taɓa su. Karnuka suka ƙi cin abinci. Ranar Talata sojoji suka ce kowa ya sauka gari, da yamma za a rufe gada.

Hilario direban bas ne. Ya cika motarsa da mu, har da matarsa Ofelia da yaransu, ya tsaya a ƙofar uwarsa. Na bi shi ciki.

“Mama, ɗauko mayafinki.”

“Mutum ya ci abincinka, ya yi maka kyauta, sai ka juya masa baya kamar ɓarawo? Haka na rene ka?”

Na ce, “Haba komadre, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Dutse ne fa, ba surukinki ba.”

“Ke tafi abinki, matsoraciya. Tun muna 'yan mata ko tsawa aka yi sai kin shige ƙarƙashin gado.”

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe ta.  Hilario ya fita, ya miƙa wa wani maƙwabcinmu makullin motar, ya dawo ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa.

A nan na ga tsoro a fuskar Chencha, abin da ban taɓa gani ba.

“Tashi ka bi iyalinka, ɗan banza!”

“In kin hau, na hau.”

Ta dubi dutsen, ta dubi ɗanta. Na san abin da ke cin ta: in ta hau motar nan, ta yarda ke nan duk shekarun nan dutse take yi wa girki. Na fita na hau, wani soja da ke bayan motar ya buga jikinta. Muka tashi, su biyun suna nan inda suke.

A wata makaranta aka sauke mu. Da la'asar sama ta yi duhu, toka ta fara sauka a kan tagogi. Ofelia ta zo ta tsaya kusa da ni, tana kallon hanyar gada.

“Ke da kika san ta tun tana yarinya, za ta sauko kafin a rufe?”

Na san ta. Shi ya sa na daina kallon hanyar gadar.