Maigadin Ƙwan Kifi

Delmer Tidwell bai yarda da kowa ba a duk faɗin Alabama, balle in Afrilu ya kama. Lokacin ne macen wani kifi da ake kira bas ke zuba ƙwai a gurbi kusa da gaɓa, namijin ya tsaya gadi. Shekara talatin Delmer yana zama a bakin tafkin bayan gidansa, yana harar duk kwalekwalen da ya rage gudu.

Wata safiya ya tsare Royce, mijin 'yarsa, wanda ya ce shan iska ya fito.

"Kai Royce, iskar ce ta jiƙa maka hannun riga?"

"Haba Baba! Kifi ɗaya na kama, na ɗau hoto, na mayar. Ko minti biyu bai yi a waje ba."

Delmer ya ja shi zuwa gaɓa. Ga namijin nan yana ta zagaye gurbinsa. Ƙananan kifayen da suka daɗe suna jiran ya gusa sun riga sun lashe ƙwan tas.

"Uban dai ka mayar," in ji Delmer. "To gadin me zai yi yanzu?"